ABINCIN MAI CIKI, MAI JEGO DA JARIRI: ABIN DA KE KASUWAR LOUIS YA ISHE MU

A watan jiya ne muka halarci wani suna a nan bayan kasuwar Louis. An yanka rago, an raba goro da alewa, liman ya yi addu'a, maroƙi ya faɗi sunan yaro, amma mai jego ba ta gida. Tana kwance a asibiti, an ƙara mata jini leda biyu, shi kuwa jaririn da aka taru dominsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Abin ya taɓa mu ƙwarai, domin yarinyar nan mu muka koyar da ita a ajin ƙarshe na firamare, kuma tana cikin masu kaifin ƙwaƙwalwa.

Da jama'a suka watse sai muka ja angon ƙarnin gefe muka tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Wallahi Malam, ku ne shaida, ban taɓa barinta da yunwa ba. Firjinmu bai taɓa zama wayam ba." Gaskiya ya faɗa, domin yana da shago a kasuwar Mont-Bouët, kuma ba marowaci ba ne. Sai muka ce ya lissafa mana abin da take ci. Da safe burodi da shayi. Da rana shinkafa da fukafukan kajin kwali. Da dare taliya ko ragowar shinkafar, a kora da lemon kwalba. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta wurin awo ta ajiye su, wai suna tayar mata da zuciya, kuma wata gwaggonta ta ce suna sa ɗa ya yi ƙato a ciki. Ban da wannan, kullum tana gwaigwayar farar ƙasar nan da ake kira kalaba.

To jama'a, wannan shi ne dalilin rubutun nan. Ciki yana iya cika alhali jiki yana cikin yunwa, kuma irin wannan yunwa ta shigo gidajenmu, har gidajen masu hali.

DAGA ƘASAR GERO ZUWA ƘASAR ROGO

Fiye da shekara ɗari ke nan da kakannin wasunmu suka biyo hanyar fatauci ta Kamaru suka sauka a Woleu-Ntem, suka kafa unguwanni a Bitam da Minvoul da Oyem. Wasu kuma daga baya suka zo, daga Nijeriya da Nijar da arewacin Kamaru. Dukkansu sun baro ƙasar gero da dawa da wake da nono, suka tarar da ƙasar rogo da agada da gwaza. Waɗanda suka zauna a arewa ba su sha wuya sosai ba, saboda akwai gona a bayan gida, ga kaji da awaki suna yawo. Mu da muka gangaro Libreville kuwa, komai sai mun sa hannu a aljihu, kuma mafi yawan abin da muke saye daga waje yake zuwa. Shinkafa da alkama da kaji masu ƙanƙara ta jirgin ruwa suke isowa, tumatir da albasa da yawa kuma a manyan motoci daga Kamaru. Abin ya kai har a watan Mayu na 2025 gwamnati ta yanke shawarar hana shigo da kajin waje daga ranar 1 ga Janairu, 2027, domin a raya kiwon gida.

Ta haka muka saki abincin kakanni, ba mu kuma kama na masu ƙasa ba, muka tsaya a tsakiya da burodi da kwali. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Gabon a 2012 ya nuna cewa cikin mata goma masu shekarun haihuwa, shida suna da ƙarancin jini, haka nan kuma wajen shida cikin goma na ƙananan yara. Ba a ware Hausawa daban a wannan ƙidaya ba, muna cikinta tsundum.

Masana suna magana a kan kwana dubu na farko. Lissafin mai sauƙi ne: kwana 270 na ciki, a haɗa da 365 sau biyu, ya ba da 1,000, wato daga shigar ciki zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu. A cikin wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke ginuwa da sauri, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a cike gurbinsa daga baya. Mu malaman makaranta mu ne muke ganin sakamakon bayan shekara shida, sa'ad da aka kawo mana yaro ɗan tsurut, mai yawan gyangyaɗi a aji, wanda ake maimaita masa abu sau biyar bai riƙe ba, iyaye kuma su ce a yi ta dukansa wai ba ya ji.

WAI MENE NE "BIYO"?

Yanzu wata kalma ta shigo gari. Ka shiga manyan kantuna sai ka ga gwangwani da leda an rubuta musu "bio", kuɗinsu kuwa ya ninka na sauran. Ma'anar kalmar ita ce abin da aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi na kamfani ba, ko dabbar da aka kiwata ba a ɗura mata magunguna ba. Wato dai irin noman da kakanninmu suka yi da takin shanu da toka, tun ba a raɗa masa suna ba.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da shi. A 2012 masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike sama da ɗari biyu suka auna, suka ga cewa ta fuskar gina jiki babu wani babban bambanci tsakanin abincin biyo da na sauran gonaki. Inda ya yi fice shi ne ƙarancin ragowar maganin feshi a jikinsa. Saboda haka magidancin da ba shi da kuɗin babban kanti kada ya ɗauka ya cuci iyalinsa. Ƙullin alayyafo ɗanye shar da aka yanko yau da asuba ya fi wa mai ciki amfani bisa biskit mai tambarin biyo da ya yi wata uku a teku.

Amma maganar feshi ba ta wasa ba ce. A lambunan gefen gari akwai masu fesa magani yau, jibi su tsinke su kai kasuwa, alhali kowane magani yana da kwanakin da ya wajaba a jira kafin girbi. Akwai kuma masu nunar da ayaba da magani. Abin yi a nan shi ne uwargida ta samu mai ganye guda ta riƙe, ta san inda lambunta yake. Cibiyar IGAD, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana koya wa masu lambu aiki a wurare irin su Owendo da Alibandeng, don haka ba a rasa kayan lambu na kusa. Ganyen da ƙwari suka ɗan huda ba abin gudu ba ne. Wanda ya kamata a bari shi ne mai warin magani ko mai farin ƙura a bayansa. In an kawo gida a wanke sau uku da ruwa mai tsabta, abin da ake ferewa a fere, sauran a dafa. Mai ciki ta yi hattara da latas da ɗanyen kabeji na masu tebur a bakin titi.

Biyo mafi araha kuwa shi ne na bayan ɗaki. Garin nan ruwan sama ba ya yi masa rowa. Reshen zogale in an kafa shi a ƙasa zai kama. Tsohon bokiti ko buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da kashin kaji da ya ruɓe ya isa a shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa. Mun gwada wannan da 'yan ajinmu a bayan makaranta, cikin mako biyar muka fara yankan alayyafo.

KWANON MAI CIKI

Jinin mace yana ƙaruwa sosai idan tana da ciki, kuma ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe. Wanda jiki ya fi saurin ɗauka yana cikin nama da kifi. Nan bakin teku muke, kifi ba ya yanke mana, daga ɗanye na Port-Môle da Oloumi har zuwa bandar sardin da talaka ke iya saye. Ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu suna ƙara ƙarfin ƙashi. Ƙwai ɗaya kullum alheri ne babba, kuma zancen da ake yi cewa mai cin ƙwai za ta haifi ɓarawo ko bebe ba shi da tushe ko kaɗan. Wake da gyaɗa da agushi su ma suna gina jiki.

Sai ganye. Abin da maƙwabtanmu suke kira folon shi ne alayyafonmu, abin da suke yi wa miyar tsami kuma yakuwarmu ce. Ganyen rogo, in an daka shi aka dafa ya dahu lugub, ya fi saiwar rogon gina jiki nesa ba kusa ba. Ga nkumu da ake yankawa siri-siri, ga odika da ake yi da ƙwallon mangwaron daji, wanda 'yan Nijeriya suka sani da ogbono, ga atanga mai maiƙo, ga miyar nyembwe ta 'ya'yan kwakwar manja. Ɗanyen manja ja yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma idan aka soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, an ƙone amfanin. Duk waɗannan halal ne, kuma suna nan a tebur a kasuwar Louis da Nkembo da Mont-Bouët. Abin mamaki, akwai matanmu da aka haifa a garin nan amma ba su taɓa sa ganyen rogo a tukunya ba, wai abincin wasu ne. Idan an samu kuka da daddawa da gero daga masu kawowa, madalla. Idan ba a samu ba, Allah bai bar mu haka ba.

Rogo da agada da shinkafa suna ba da ƙarfi, ba a hana su ba, amma kada su cinye kwanon. Uwargida ta duba: rabin kwano ya zama miya da ganye da kifi ko wake.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Shayi da kofi suna hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe idan aka sha su tare da abinci, alhali lemon tsami da lemon zaƙi da gwanda da abarba da gwaiba suna taimaka masa. Don haka a matsa lemo a miya ko a ci ɗan itace bayan abinci, shayi kuma a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu.

Duk da haka abinci kaɗai ba ya isar mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta sha ƙwayar ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid maikrogiram 400 kowace rana. Shi folik asid yana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa a makonnin farko yake, shi ya sa ake so a fara shi tun kafin cikin ya shiga. Ƙwayar tana iya tayar da zuciya ko ta mayar da bayan gida baƙi. Wannan ba cuta ba ce. A sha da dare bayan an ci abinci, in abin ya ƙi a koma wurin ungozoma ta sauya wata. Batun cewa tana sa ɗa ya yi ƙato kuwa, wanda ya kamata a ji tsoro shi ne ɗan da ya zo ƙanƙane da uwar da ba ta da jinin da za ta jure zubar haihuwa.

Kada mu manta da sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, ko me mace ta ci. Gidan sauro mai magani da ƙwayoyin rigakafi da ake bayarwa wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, suna cikin maganin ƙarancin jini. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas. Mu mutanen Louis ba mu da uzurin nisa, ga asibitin uwa da yara na Jeanne Ebori a bakin unguwa, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 2018. Maigida ya tabbata matarsa tana da katin inshorar CNAMGS tun ciki bai tsufa ba, kuma su biyun su yi gwajin sikila.

ABIN DA ZA TA BARI

Na farko kalaba. Kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, ita kuma farar ƙasar tana riƙe ɗan ƙarfen da ke cikin abinci ta hana jiki samu, sai ciwo ya ƙaru, kwaɗayi ya ƙaru. Bugu da ƙari, hukumar abinci ta Ingila a 2002 da ta Amurka a 2009 sun yi gargaɗi a kanta bayan an sami dalma a ciki, ta Amurka har da dafin arsenik. Dalma ita ce ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Na biyu, naman da bai gasu ba, da nonon da ba a tafasa ba kafin ya kwana, da kazar da ta narke ta sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta. Na uku, yawan hanta, domin bitamin A da ke cikinta yana yi wa ɗan tayi yawa, musamman a watannin farko. Na huɗu, gyaɗa da masara masu furfura ko ɗaci. Laimar garin nan tana sa su yi fumfuna da wuri, fumfunar kuma tana haifar da dafin da ke cin hanta, wanda wuta ba ta kashe shi. A tsince, a zubar da ruɓaɓɓu, kada a saye da yawa a jibge. Na biyar, yawan dunƙulen miya da gishiri. Gishiri kaɗan mai aidin ya wadatar, daddawa da garin busasshen kifi ko jatan lande su cike ɗanɗano. Jiƙo da saiwoyin da ba a san awonsu ba, su ma a dakata da su.

Game da azumi, malamanmu sun yi bayani cewa mai ciki da mai shayarwa suna da rangwame idan suna tsoron cutuwa ga kansu ko ga ɗan. A tambayi likita halin jiki, a tambayi malami hukuncin ramuwa.

JEGO DA KUNUN KANWA

A nan ne muka san za mu sha faɗa wurin iyayenmu mata. Da muka haifi 'yarmu ta fari, surukarmu ta taso tun daga Bitam da ƙullin kanwa da kayan yaji a jakarta. Da muka yi magana sai ta ce, "Malam, karatunka na allo da alli ne. Ni na haifi tara, duk da kanwa na yi jegonsu." Ba mu yi musu da ita ba, muka roƙe ta dai ta raka mu wurin ungozoma, can aka sasanta.

Al'adar jego tana da alheri mai yawa. Kwana arba'in na hutu, ana dafa wa mace, ana ɗauke mata aiki, ana ba ta farfesun kaza da ƙauri da gasasshen nama, wannan gata ne da matan wasu ƙasashe suke nema ba su samu ba. A riƙe shi da kyau, domin mai shayarwa tana bukatar abinci fiye ma da mai ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne kanwa da zafi. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Suka danganta abin da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, kuma suka ga ciwon ya fi yawa a lokacin zafi da laima. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano ya nuna cewa akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma wanne ya fi nauyi, mu tuna cewa an tsara wannan al'ada ne don tsoron sanyi a ƙasar hunturu, mu kuwa a nan zafi da laima muke ciki kusan duk shekara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a dama kunun gyaɗa ko na tsamiya a maimakon na kanwa. Idan kuwa mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko tari in ta kwanta, ko matsanancin ciwon kai, ko jini ya ƙi tsayawa, to ba sanyi ba ne ya shige ta. A kai ta asibiti a ranar.

DAKASHI DA NONON UWA

Ruwan nono na farko mai kauri, rawaya, wanda muke kira dakashi, da yawa cikinmu sun tashi sun ga ana matse shi a zubar wai dauɗa ne. Alhali shi ne rigakafin farko na jariri, cike yake da abubuwan da ke kare hanjinsa daga cuta. A sa jariri a nono cikin awar farko da haihuwa. Ɗan kaɗan ɗin da ke fitowa ya ishe shi, domin cikinsa a ranar bai fi ƙwallon goro ƙarami ba, kuma yawan tsotso shi ke kawo ruwan nono.

Tun 2001 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba shayi, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani mai girma ma ya ambata. A wannan fage Gabon tana baya. A binciken 2012 jarirai 6 kacal cikin 100 ne suke samun nono zalla, a na 2019 zuwa 2021 adadin ya hau zuwa wajen 19. An ci gaba, amma har yanzu da sauran tafiya.

Iyaye mata sukan ce ai zafi ake yi, yaro zai ji ƙishirwa. Mafi yawan nono ruwa ne, uwa ta sha, yaro ya tsotsa. Ruwan da muke tarawa a jarka da duro saboda yankewar famfo shi ne hanyar gudawa. Rubutu ma, in an karɓo domin jariri, uwar ta shanye a madadinsa. Zuma kuwa kada a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, ko da ba ta yi wa babba komai.

Madarar gwangwani ta zama abin ado a wasu gidaje, har ana kai ta a matsayin barka. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallata ta a madadin nono. Tana da wurinta, kamar ga maraya ko inda likita ya ba da umurni. In ya zama dole, a tafasa ruwa, a dama tun yana da zafi, a huce, a bi awon da ke jikin gwangwanin ba tare da tsinkawa don ta daɗe ba, abin da ya rage bayan awa biyu kuma a zubar. Kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin wankewa.

IDAN YA CIKA WATA SHIDA

Kuskurenmu a nan shi ne koko tsararo da sukari. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwa babu wurin abinci. Kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali. A Fada N'Gourma ta Burkina Faso, tun 1982 ma'aikatan asibiti suka haɗa wani gari mai suna Misola, wanda kashi 60 cikin 100 gero ne, 20 waken soya, 10 gyaɗa, duk a soye, kuma ya bazu har Mali da Nijar da Kamaru. Kowace uwa tana iya yin irinsa a gida. In babu gero, masara ta yi: gwangwani shida na hatsi, biyu na waken soya, ɗaya na gyaɗa, a tsince, a soya sama-sama, a niƙa, a zuba a kwalba mai murfi, kada a yi wanda zai wuce mako biyu saboda laima. Lokacin damawa a ƙara ɗan cokalin garin kifi ko na zogale, ko ɗigon manja.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a yini, daga wata 9 zuwa shekara biyu sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma yana nan. A murƙushe masa ƙwai dafaffe, kifi da aka cire wa ƙaya, dankali, kabewa, wake, gwanda, ayaba, piya da atanga. Ya ci a kwanonsa shi kaɗai domin a ga abin da ya ci, kada a haɗa shi da yayyensa masu saurin hannu. Ba a sa masa sukari ko dunƙule, ba a ba shi lemon kwalba. Masu dogara ga garin gwangwani su riƙa karanta bayansa: a 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton cewa irin garin da wani babban kamfani ke sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana da ƙarin sukari, alhali wanda yake sayarwa a wasu ƙasashen Turai babu. A kuma riƙa kai yaro awo ana duba nauyinsa, a wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci.

KIRA GA MAGIDANTA

Duk abin da muka lissafa, mace ba ta iya yinsa ita kaɗai, domin kuɗin cefane a hannunmu yake. Mu ne kuma ake zuba wa tsokar nama a kwano, mai ciki ta ci romo. Mu ne muke tsayawa wurin mai tsire da dare mu ci mu goge baki mu shiga gida hannu rabbana. Kuɗin lemon kwalba biyu ya sayi ƙwai da ƙullin ganye. Kuɗin atamfa da anko da ake kashewa ranar suna, da an karkasa shi cikin wata tara an sayi kifi da 'ya'yan itace, da mai jego ta zauna cikin 'yan'uwanta ranar sunan ana yi mata barka.

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a wa'azi, shugabannin ƙungiyoyin mata kuma su gayyato ungozoma ta yi bayani a wuraren taronsu da makarantun Islamiyya, a kuma zo da kakanni, tun da su ne masu riƙe da jego. Malaman makaranta 'yan'uwanmu, kowa ya kafa ɗan lambu da 'yan ajinsa.

Ɗalibarmu ta dawo gida, jiki yana ta sauƙi, yaron kuma ya kama nono. Ranar Juma'ar da ta wuce mun gamu da mijin a kasuwar Louis riƙe da ƙullin alayyafo da bandar kifi, yana ta jin kunya wai kada abokansa su gan shi da cefane. Muka ce masa ya ɗaga kayansa sama kowa ya gani.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego ƙarfi, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya da imani, amin.